Darasi na Tara: Haƙƙin Mai Saye a Kan Mai Sayar da Tsohuwar Mota

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so mai koyo ya iya:

1. Rarrabe tsufan mota na yau da kullum da aibin da ya wajaba a bayyana.
2. Faɗin abin da shari'ar Musulunci da dokar ƙasa suka ɗora wa mai sayarwa.
3. Lissafa rangwamen da ake mayar wa wanda aka ɓoye wa aibi.
4. Rubuta takardar cinikin mota da za ta kare ɓangarorin biyu.

Gabatarwa

Mafi yawan motocin da ke yawo a titunanmu ba sababbi aka saye su ba. Wasu 'yan Beljiyam ne, wato waɗanda aka yi amfani da su a Turai ko Amurka kafin a shigo da su. Wasu kuwa na hannu ne, sun zaga daga wannan gida zuwa wancan. Ma'aikaci yakan tara kuɗin adashi ya sayi ta zuwa aiki. Wanda ya yi ritaya yakan zuba kuɗin sallamarsa a motar haya. Wata uwar takan sayar da filinta ta saya wa ɗanta abin neman abinci. Duk waɗannan mutane suna biyan kuɗi mai yawa a kan abin da ba su san cikinsa ba.

Wanda ya san cikin mota shi ne wanda ya hau ta. Ya san ƙarar da take yi da asuba, ya san inda take cijewa a kan hanya, ya san abin da bakanike ya faɗa masa har ya yanke shawarar rabuwa da ita. Mai saye kuwa fenti yake gani da kujeru. Tun da ilimin yana hannun mutum ɗaya, nauyin faɗin gaskiya ma yana wuyansa. Abin da darasin nan yake koyarwa a taƙaice shi ne: duk aibin da ka sani, ka faɗe shi da sunansa, kafin a yanke farashi, kuma a rubuta.

Wane aibi ake nufi?

Ba kowace alamar tsufa ce aibi ba. Wanda ya zo sayen motar da ta shekara goma sha biyar ya san fenti zai dushe, kujera za ta koɗe. Idonsa yana ganin wannan, kuma farashi ya riga ya nuna shi. Aibin da ake magana a kai shi ne wanda yake rage darajar mota ko amfaninta ko amincinta, wanda in da mai saye ya sani da ya fasa, ko kuma da ya rage kuɗi. Za mu kasa shi gida uku.

Na farko, aibin da ya shafi rai. Birkin da ke ƙwacewa, sitiyarin da ke da wasa, shasin da ya taɓa karyewa aka yi masa walda, jakar iskar da ta fashe a haɗari aka rufe wurinta ba a sa wata ba, da tayoyin da suka daɗe. Kowace taya tana ɗauke da lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta. In ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Taya tana iya zama da zane mai kyau alhali robarta ta bushe.

Na biyu, aibin da ya shafi aljihu. Injin da ke shan baƙin mai, gaskit ɗin da ya ƙone, giyar da ke zamewa in mota ta yi zafi, lagireton da ke yoyo, da motar da ruwa ya taɓa shanyewa. Wannan na ƙarshe yana da wuyar ganewa. Bayan manyan guguwowi irin su Katrina a 2005 da Harvey a 2017, kamfanonin inshora a Amurka sun yi gwanjon ɗimbin motocin da ambaliya ta lalata, kuma irin waɗannan motoci na gwanjo sukan ƙetaro teku. A gida ma, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, motoci da yawa sun nutse a Maiduguri. Motar da ta sha ruwa takan tashi lafiya bayan an busar da ita, sai bayan watanni wayoyinta su fara tsatsa, matsalar lantarki ta riƙa ɓullowa ɗaya bayan ɗaya.

Na uku, aibin takarda. Motar da ba a biya mata kuɗin kwastan ba, wadda aka jinginar a banki, wadda magada ke rigima a kanta, ko wadda lambar shasinta ba ta dace da ta takarda ba. A ranar 1 ga Janairu 2017 haramcin da gwamnatin Nijeriya ta sa a kan shigo da motoci ta iyakokin kan tudu ya fara aiki, abin da ya sa takardar kwastan ta ƙara zama abin dubawa da kyau. Mota lafiyayya da ba ta da takarda ingantacciya ana iya ƙwace ta a kan hanya, kuma wanda aka same ta a hannunsa shi ne zai fara amsa tambaya.

Hanyoyi huɗu da ake ɓoye aibi

Hanya ta farko ita ce ƙarya tsagwaronta. A tambayi mutum ko motar ta taɓa haɗari, ya ce ko kaza ba ta taɓa bugewa ba, alhali shi ya kai ta wurin mai gyaran jiki.

Ta biyu ita ce rabin gaskiya. Mai mota ya ce, "Watan jiya na sa mata sabon lagireto." Gaskiya ne ya sa, amma bai faɗi cewa zafin bai daina ba, domin matsalar a kan injin take. Ko kuma ya ce ta yi tafiyar dubu tamanin kacal, ya yi shiru a kan cewa mitar da mil take ƙirgawa, kamar yadda motocin Amurka suke yi. Mil ɗaya ya kai kilomita 1.6, don haka mil 80,000 kilomita 128,000 ne.

Ta uku ita ce rufa-rufa da hannu, kuma ita ce mafi muni domin sai an zauna an shirya ta. Ana zuba baƙin mai mai kauri don hayaƙi ya ragu. Ana tayar da mota a ɗumama ta kafin mai saye ya iso, don kada ya ji yadda take wahalar tashi. Ana wanke ƙarƙashin injin don a ɓatar da sawun yoyo. Ana cire ƙwan fitilar gargaɗi da ke gaban direba, ko a liƙe ta da baƙin salatif. Ana mayar da mita baya. A Amurka, inda yawancin motocin nan suke fitowa, taɓa mita laifi ne a dokar tarayya tun 1972.

Ta huɗu ita ce shiru. Ba ka yi ƙarya ba, ba ka taɓa komai ba, amma kana kallon mutum yana yaba injin da ka san ya kusa bugawa, ka kawar da kai. Mutane da yawa suna ganin wannan wayo ne na kasuwa. A nan gaba za mu ga cewa addini bai bar wannan ƙofa a buɗe ba.

Abin da shari'ar Musulunci ta ce

Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa cikin tsibin, sai ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tambaye shi dalilin da ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, sannan ya bayyana cewa mai algus ba ya cikin jama'arsa. A lura, mutumin nan bai furta ƙarya ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya sa mai kyau a sama, marar kyau a ƙasa.

Akwai kuma hukuncin dabbar da aka ƙi tatsa kwana da kwanaki don hantsarta ta cika, mai saye ya ɗauka mai yawan nono ce. Annabi ya hana wannan, ya kuma ba wanda ya saya zaɓi: ya riƙe, ko ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Baƙin mai mai kauri a inji da mitar da aka juya duk wannan hukunci ne ya hau kansu. A wani hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Hakim ɗan Hizam, an nuna cewa albarkar ciniki tana tare da gaskiya da bayyanawa, ƙarya da ɓoyewa kuwa suna shafe ta.

Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a ƙasar Hausa, sun fitar da ƙa'idoji daga waɗannan nassoshi. Ana samun su a babin ciniki na littattafan da ake karantawa a zaurukanmu, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, da kuma Tuhfa ta Ibn Asim da alƙalai ke amfani da ita. Ga muhimmansu:

Ɗaya, wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani ko da ba a tambaye shi ba.

Biyu, bayanin ya zama dalla-dalla. Bai isa mutum ya ce "tana da 'yan matsaloli" ba, ko ya jero aibobi goma na ƙarya da na gaske a dunƙule don na gasken ya ɓace a ciki. Sai ya ambaci aibin, ya nuna wurinsa da girmansa.

Uku, in mai saye ya gano tsohon aibi, kuma motar tana nan yadda ya karɓe ta, yana da zaɓi: ya mayar ya karɓi kuɗinsa cif, ko ya riƙe ta a haka.

Huɗu, in wani sabon aibi ya same ta a hannunsa kafin ya gano tsohon, yana iya riƙe ta a biya shi rangwamen tsohon aibin, ko ya mayar da ita ya biya na sabon.

Biyar, in mai sayarwa da gangan ya ɓoye aibin, kuma abin ya halaka saboda wannan aibin, asarar tasa ce, zai mayar da kuɗin duka.

Shida, in mai saye ya ga aibin amma ya ci gaba da amfani da motar ba tare da uzuri ba, ana ɗaukar hakan a matsayin yarda, haƙƙinsa na mayarwa ya faɗi.

Ga yadda ake lissafin rangwame. A ce an sayi mota naira miliyan 4. Masana suka kimanta ta, suka ce in lafiyarta ƙalau ta kai miliyan 5, da aibin kuwa miliyan 4 ce. Aibin ya rage kashi ɗaya cikin biyar ke nan. Sai a ɗauki kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da aka biya, wato naira 800,000, a mayar wa mai saye. Da kuɗin da aka biya ake yin lissafin, domin shi ne abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi tun farko.

Abin da dokar ƙasa ta ce

A Nijeriya, tushen dokar saye da sayarwa shi ne dokar da Ingila ta yi a 1893, wadda ta shigo tare da sauran dokokin da ke aiki a can a ranar 1 ga Janairu 1900. Jihohi da dama sun yi tasu daga baya, amma a kan ginshiƙanta suka ɗora. Tsohuwar ƙa'idar Turawa ita ce mai saye ya buɗe idonsa. Saboda haka mutumin da ya sayar da motarsa ta hawa, ba sana'arsa ba ce, bai yi ƙarya ba, bai rufe komai ba, yana da wuya a kama shi a kotu a kan shiru kaɗai. A nan ne dokar ƙasa ta fi shari'ar Musulunci sassauci. Amma sassaucin yana da iyaka, ta fuskoki huɗu.

Fuska ta farko, mallaka. Doka ta ɗauka cewa duk mai sayarwa ya yi alkawarin yana da ikon sayarwa. Wanda ba shi da abu ba ya iya mallaka wa wani shi. In mota ta sata ce, mai ita na asali zai karɓe abarsa, wanda ya saya kuma ya koma kan wanda ya sayar masa.

Fuska ta biyu, siffantawa. In ka ce ƙirar 2012 ce sai ta tashi ta 2009 da aka sauya wa fitilu, kaya bai dace da yadda aka siffanta shi ba, mai saye yana da ikon ƙin karɓa.

Fuska ta uku, yaudara. Ƙarya, rabin gaskiya da rufa-rufa da hannu duk suna ba mai saye damar neman kotu ta warware cinikin, ta kuma sa a biya shi diyyar asarar da ya yi. Abin ba ya tsayawa a nan. Dokar Final Kod da ta fara aiki a Arewa a 1960 ta sa cuta cikin laifuffukan da ake ɗaure mutum a kansu, kuma ɓoye gaskiya da mugun nufi yana cikin abin da take ɗauka yaudara.

Fuska ta huɗu, masu sana'a. Wanda sayar da motoci ne aikinsa, nauyinsa ya fi na mai mota ɗaya. Doka tana sa ran abin da ya sayar ya yi aikin da aka saye shi dominsa, gwargwadon shekarunsa da farashinsa, sai dai aibin da ya nuna, ko wanda dubawar da mai saye ya yi ya kamata ta gano. Ban da wannan, akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta kafa hukumar FCCPC. Ta wajabta wa 'yan kasuwa su bayyana a fili cewa kaya na hannu ne ko gyararre ne, ta hana bayanin ƙarya ko mai ruɗarwa, ta kuma ba mai saye damar kai ƙorafi.

A Jamhuriyar Nijar, dokar da aka gada daga Faransa ta fi wannan tsauri: mai sayarwa yana ɗauke da lamunin ɓoyayyen aibi, in kuma ya san da shi, bayan mayar da kuɗi zai biya diyya.

"Yadda ka gan ta, haka ka saya"

Wannan magana ta zama ruwan dare a wuraren sayar da motoci. Wasu har rubutawa suke yi a rasit cewa ba a dawo da kaya. Mu duba wannan misali.

Wani malamin makaranta ya je ganin mota a gidan wani ɗan kasuwa, tare da dillali. Ya zagaya ta, ya buɗe bonet, ya leƙa, duk da cewa bai san abin da yake nema ba. Sai ya ce, "Alhaji, ina fata dai ba ta da wata matsala?"

Alhaji ya ce, "Malam, ai gani ya kori ji. Ga ta nan a gabanka. Ka san mota 'yar yau ce, ni ban ɗaukar wa kowa alkawari."

Dillali ya karɓe, "Ranka ya daɗe, wannan sai dai ka sha mai ka kama hanya."

Alhaji kuwa ya san mako biyu da suka wuce bakanike ya gaya masa ruwa yana haɗuwa da baƙin mai, kuma an sauya man ne jiya don kada a ga ya yi fari. Bayan kwana kaɗan injin ya buga a hanyar Zariya.

Shin maganar Alhaji ta wanke shi? A'a. A mazhabar Malikiyya, sharaɗin kuɓuta daga aibi ba ya amfanar wanda ya san aibin ya ɓoye. A dokar ƙasa ma, rubutun rasit ba ya kare wanda ya yi yaudara, kuma sauya mai don ɓatar da alama rufa-rufa ce da hannu. Da Alhaji ya ce, "Malam, gaskit ɗinta ya ƙone, gyaran zai ci kaza, shi ya sa na rage kaza," da cinikin ya halatta, ko da injin ya buga washegari. Sayar da mota mai aibi halal ne. Ɓoye aibin ne haram.

Dillali da bakanike

Dillali amintacce ne na ɓangare biyu, kuma la'adarsa ladan haɗa ciniki ne na gaskiya. In ya san aibi ya yi shiru, ko ya yi rantsuwa a kan abin da bai sani ba, ya shiga cikin alhakin. Haka nan haramun ne ya kawo wani ya yi tayin ƙarya don farashi ya hau. Mai mota kuma ba zai fake da cewa dillali ne ya faɗa ba, domin wakilinsa ne, da yawunsa yake magana.

Bakaniken da mai saye ya ɗauko don ya duba masa mota shaida ne. In ya karɓi wani abu a bayan fage daga mai sayarwa ya ce lafiya lau, ya ci amana, ya kuma sayar da sunansa da arha. Wanda aka kawo wa aikin juya mita ko kashe fitilar gargaɗi, ya sani cewa hannunsa ne ya yi algus ɗin.

Yadda ake ciniki mai tsabta

In za ka sayar, bi waɗannan matakai:

1. Zauna ka rubuta duk abin da ka sani: haɗarin da ta yi, manyan gyare-gyare, abin da ke damunta yanzu, da matsayin takardunta.
2. Aibin da ya shafi rai, ko dai ka gyara shi, ko ka faɗa ƙarara cewa kada a hau hanya da ita sai an gyara.
3. Ka faɗi aibi kafin a fara tayi. Bayanin da ya zo bayan an sallama, an biya kafin alƙalami, ya makara.
4. Ka bar mai saye ya zo da bakanikensa, ya tayar da ita da sanyinta, ya yi gwaji a hanya. Kada ka matsa masa ya yi cinikin biri a sama.
5. Ka nuna lambar shasi. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1981 suna da lamba mai harufa da alƙaluma 17, kuma ana iya bincika tarihinsu da ita a intanet.
6. Ku rubuta takarda a gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi.
7. Ku je ofishin lasisi a sauya sunan mai mota. Muddin sunanka ne a takarda, in aka aikata laifi da ita ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa.

Ga samfurin abin da takardar za ta ƙunsa:

"Ni, (suna da adireshi), na sayar wa (suna da adireshi) motata ƙirar (iri da shekara), mai lamba (…), lambar shasi (…), lambar inji (…), a kan kuɗi naira (…). Na tabbatar tawa ce, babu bashi ko jingina ko rigima a kanta. Na sanar da shi waɗannan aibobi: (1) … (2) … (3) … Ban san wani aibi bayan waɗannan ba. Ya duba, ya gwada, ya yarda. Na miƙa masa waɗannan takardu: … Kwanan wata, sa hannun mai sayarwa, mai saye da shaidu."

Wannan takarda ta fi amfanar mai sayarwa na kirki. In bayan wata uku wani abu ya lalace, ita ce za ta nuna abin da ya faɗa da wanda bai sani ba.

In aikin gama ya riga ya gama

Wanda ya gano an ɓoye masa aibi, ya ajiye motar nan take, kada ya ci gaba da hawa. Ya kira bakanike mai zaman kansa ya duba, a ɗauki hoto, kada a kwance komai kafin mai sayarwa ya gani. Ya sanar da shi da wuri, a gaban shaida ko a rubuce, ya kuma adana rasit da saƙonnin waya. A fara da sulhu ta hannun shugabannin dillalai, mai unguwa ko wani dattijo. In abin ya faskara, akwai kotun shari'ar Musulunci, akwai ta majistare, akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye in da ɗan kasuwa aka yi cinikin. Dokokin jihohi sun ɗan bambanta, don haka a nemi shawarar lauya ko malamin da ya san babin ciniki.

Wanda kuma ya san ya taɓa ɓoye aibi, ƙofar gyara a buɗe take. Ya nemi mutumin, ya gaya masa, ya mayar masa da bambancin kuɗin ko ya karɓi motarsa. Haƙƙin ɗan Adam ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai, sai an biya ko an yafe.

Tambayoyi

1. Kawo misali biyu-biyu na aibin da ya shafi rai, aljihu da takarda.
2. Mene ne bambancin rabin gaskiya da shiru? Wanne ne dokar ƙasa ta fi kamawa?
3. An sayi mota naira miliyan 6. Darajarta lafiyayya miliyan 8 ce, da aibi kuma miliyan 6. Nawa za a mayar wa mai saye?
4. Mitar mota ta nuna mil 95,000. Kilomita nawa ke nan?
5. A misalin da aka kawo, wane laifi Alhaji ya yi, wanne dillali ya yi, kuma wane sakaci malamin ya yi?

Aikin aji

Ku kasu uku-uku: mai sayarwa, mai saye da shaida. Ku zaɓi mota, babur ko Keke Napep, ku yi cinikin da baki, sannan ku rubuta takardarsa da aibobi uku a ciki. Kowace ƙungiya ta karanta tata a gaban aji.

Jan hankali

'Yan uwa masu koyo, faɗin aibi yana rage farashi, wannan gaskiya ne. Amma abin da ya ragu ɗin daman ba naka ba ne, kuɗin gyaran da ke jiran mai saye ne. Mota kuma ta bambanta da sauran kaya, domin mutane take ɗauka. Birkin da ka yi shiru a kansa, iyalin wani ne za su hau, kuma a hanyar da kai da 'ya'yanka kuke bi za a tuƙa ta. Duk ranar da za ka sayar da mota, ka faɗi abin da ka sani, ka sa a rubuta, ka karɓi kuɗinka na halal.